Three Houses, Triangle Strategy ko Tactics Ogre: wanne za ka fara saya wa Switch ɗinka?

Duk mai Nintendo Switch da ke neman wasan dabarun yaƙi, irin wanda ake jera mayaƙa a fili mai gida-gida ana motsa su bi da bi kamar 'ya'yan dara, da wuya ya tsallake sunaye uku: Fire Emblem: Three Houses, da Triangle Strategy, da Tactics Ogre: Reborn. A hoto kusan kamarsu ɗaya. Duka daga Japan suka fito, duka akwai takubba da matsafa da sarakunan ƙasashen da babu su a taswira. Kuɗinsu ma bai yi nisa da juna ba. Sai an riƙe su a hannu ake gane cewa kowanne da irin mutumin da aka yi shi dominsa, kuma tunda kowannensu zai cinye maka awoyi masu yawan gaske, wanda ya zaɓi wanda bai dace da shi ba asarar lokacinsa ta fi ta kuɗinsa ciwo.

Abin da zan auna su da shi

Na farko fagen fama ne: tudu da kwari da inda ka tsaya suna da tasiri, ko kuwa ƙarfin mayaƙi ne kawai ke raba gardama? Na biyu, abin da kake yi tsakanin yaƙi da yaƙi. A ganina wannan ne ya fi raba wasannin nan, kuma shi ne masu saye ba su cika tambaya ba, alhali kaso mai tsoka na lokacinsu a can zai tafi. Na uku, hukuncin kuskure: idan mayaƙinka ya faɗi, ya tafi ke nan ko zai dawo? Ana iya janye motsin da aka yi cikin gaggawa? Na huɗu, kuɗi da kuma tsawon lokacin da wasan zai ɗauka kafin ya gundure ka. Na ƙarshe, dacewa da wasa a hannu. Allon Switch Lite inci 5.5 ne, na Switch ta asali 6.2, na OLED kuwa 7, kuma duka ukun wasanni ne masu yawan karatu, don haka girman rubutu ba ƙaramin abu ba ne.

Fire Emblem: Three Houses

Ya fito ranar 26 ga Yuli, 2019. Kamfanin Intelligent Systems ne ya haɗa shi tare da Koei Tecmo, Nintendo ta fitar da shi, kuma ba a samunsa a na'urar wani kamfani. Kai ne Byleth, sojan haya da aka naɗa malami a makarantar horar da hafsoshi ta Garreg Mach, a tsakiyar nahiyar Fódlan. Tun da wuri za a ce ka ɗauki gida ɗaya cikin uku: Black Eagles na Edelgard, magajiyar daular Adrestia, Blue Lions na Dimitri, yariman Faerghus, ko Golden Deer na Claude, daga ƙawancen Leicester. Kowane gida ɗalibai 8 ne har da shugabansa.

Kalanda ce ke jan wasan. Babban yaƙi na zuwa sau ɗaya a ƙarshen wata, sauran makonnin koyarwa ce, sai ranar hutu da za ka zaɓi abin yi. Kana iya fita ƙaramin yaƙi, kana iya yawo cikin makaranta kana hira da ɗalibai, ku ci abinci tare, ka kama kifi, ka yi shuka, ka gayyaci wani shan shayi, ka mayar wa wani abin da ya yar. Duk waɗannan suna ƙara wa ɗalibai ƙwazo da shaƙuwa, shaƙuwar kuma ita ke buɗe hirarrakin da ke tsakaninsu, inda ake jin tarihin kowa da abin da ke cin ransa.

Wannan wahalar tana da ranar biya. A tsakiyar labari za a tsallake shekara 5, ƙasashen uku sun shiga yaƙi da juna, kuma ɗaliban wasu gidajen da ba ka jawo zuwa naka ba za ka iya iske su a ɓangaren abokan gaba. Wanda kuka zauna cin abinci da shi, ka san tsoronsa da burinsa, shi ne yanzu a gaban mashinka. Babu ɗaya cikin sauran biyun da ke sa ka damu da kowane mayaƙi haka.

A fagen fama kuwa, kai za ka motsa duk mutanenka, sannan abokan gaba su motsa nasu gaba ɗaya. Makamai na tsufa su karye, kuma manyan sara na musamman suna saurin cinye su. Kowane mayaƙi na iya jan bataliya a bayansa, wadda ke taimakawa wajen tsayar da manyan dodanni. Ɗalibi na canza sana'ar yaƙi ta hanyar cin jarrabawa, kuma kusan kowa na iya zama kusan komai, ban da wasu sana'o'in da aka keɓe wa maza ko mata. 'Yancin nan na da daɗi, amma yana da illa: da zarar ka gano cewa mahaya dodanni masu tashi sun fi kusan kowa amfani, sai rundunarka ta fara zama iri ɗaya. Filayen ma da yawa a buɗe suke, ba sa matsa wa tunani. Matakin Normal ya yi sauƙi da yawa ga duk wanda ya taɓa irin wasan nan. Hard ya fi dacewa da yawancin mutane, kuma ka tuna ana iya rage wuya a tsakiyar wasa amma ba a ƙara ta. Maddening, wanda aka ƙara daga baya kyauta, ba na zagayen farko ba ne.

Wajen hukunta kuskure kai ke da zaɓi. A tsarin Classic wanda ya faɗi ka rasa shi, a Casual kuwa zai dawo a yaƙi na gaba. Akwai kuma baiwar Divine Pulse da ke mayar da lokaci baya, da iyakar adadi a kowane yaƙi.

Matsalolinsa biyu ne a wurina. Hanyoyin labari huɗu ne, amma babi 12 na farko kusan iri ɗaya ne a dukansu, don haka zagaye na biyu sai ka sake zaman makaranta daga tushe, kuma yawon da ya burge ka da farko zai koma aiki. Biyu daga cikin hanyoyin ma, Silver Snow da Verdant Wind, sun yi kama sosai. Sai rubutun: ƙanana ne ƙwarai, 'yan wasa sun daɗe suna kuka da shi, kuma a Switch Lite ido na gajiya. Wanda ya zaɓi Black Eagles kuma ya kula ya je ya yi magana da Edelgard a babi na 11, domin in ya wuce bai yi ba, ɗaya daga cikin hanyoyin ta rufe masa.

Triangle Strategy

Square Enix da Artdink suka yi shi, ya fito ranar 4 ga Maris, 2022, ƙarƙashin Tomoya Asano, wanda ya jagoranci wasan Octopath Traveler. Zanensa ma irin na can ne: ƙananan mutane irin na wasannin da, a cikin fili mai haske da inuwa na zamani. A ƙaramin allo ya fi sauran biyun kyan gani.

Nahiyar Norzelia ƙasashe uku ne. Hyzante ta riƙe gishiri, Aesfrost ta riƙe ƙarfe, Glenbrook na tsakiya tana cin ribar kasuwanci. Shekara 30 bayan yaƙin da suka yi a kan gishiri da ƙarfe, zaman lafiyar ya sake tsinkewa, kai kuma kana matsayin Serenoa, magajin gidan Wolffort. Rikicin na abin duniya ne da mulki, babu wani mugun aljani da ake jiran ya tashi, kuma wannan ya ba labarin nauyi.

Abin da ya bambanta shi shi ne ma'aunin da ake kira Scales of Conviction. Idan aka zo babbar mararraba, ba kai ke yanke hukunci ba. Mutanenka 7 ne ke jefa ƙuri'a, kai naka lallashi ne. Za ka zaga gari ka tattaro bayani, ka zo ka zauna da kowa ka kawo masa hujja, kuma yana iya ƙin ji. Benedict na duba maslahar gida, Frederica na duba waɗanda ake zalunta, Roland, yariman Glenbrook, na duba masarautarsa. Akwai inda za a tambaye ku ko ku miƙa Roland ga maƙiya ku tsira, ko ku kare shi ku jefa garinku cikin yaƙi. Ka so abu, a kayar da kai a ƙuri'a, dole ka bi abin da jama'a suka zaɓa. Ban san wani wasa irin wannan da ya sa shugabanci ya yi nauyi a wuya haka ba.

Fagen famansa ne mafi tsari cikin ukun, kuma a nan nake ba shi kambu. Kowa na motsi ne gwargwadon saurinsa, ana ganin jerin a ƙasan allo. Wanda ke kan tudu ya fi illa, sara ta baya ta fi tsanani, idan kuma kuka sa maƙiyi a tsakiya abokinka zai ƙara masa bugu. Wuta na cin ciyawa, tana narkar da ƙanƙara ta zama ruwa, tsawa kuma ta bi ruwan ta kama duk wanda ke ciki. Mayaƙa 30 ne, kowa da sana'arsa da ba ta canzawa: Hughette na harbi tana bisa shaho, Anna na yin aiki biyu a zagaye ɗaya, Jens na kafa tsani da tarko. Mai son ƙera mayaƙi yadda ya ga dama zai ji an ɗaure shi. Amma saboda masu wasan sun san ainihin abin da ke hannunka, kowane fili an gina shi da manufa, kuma akwai yaƙin da tsani ɗaya a wurin da ya dace zai juya shi.

Shi ne kuma mafi sassauci. Babu mutuwar dindindin a fagen fama. Idan aka ci ka, ƙwarewar da mayaƙanka suka samu ba ta zubewa, sai ka sake gwadawa da ɗan ƙarin ƙarfi. Matakan wuya huɗu ne, ana canza su a kowane lokaci. Babu maɓallin janye motsi irin na sauran biyun, amma tunda faɗuwa ba ta da tsada, ba a cika jin rashinsa ba.

Aibinsa magana. Awoyin farko hira ce a kan hira, yaƙi jefi-jefi, kuma da yawa sun ajiye shi tun kafin ya kankama. Wanda ya haƙura ya wuce babobin farko zai ga ya daidaita. Mayaƙan da ke shigowa daga gefe ma ba su da bakin magana sosai a babban labari. Ƙarshen labari iri huɗu ne, ɗaya a ɓoye yake sai an bi wasu zaɓuɓɓuka daidai, kuma tunda hanyoyi na rabuwa a wurare da dama, zagaye na biyu yana kawo filayen da ba ka gani ba.

Tactics Ogre: Reborn

Wannan shi ne dattijon cikinsu. Asalinsa ya fito a 1995 a na'urar Super Famicom daga kamfanin Quest, aka sabunta shi a na'urar PSP a 2010, sannan Reborn ya zo ranar 11 ga Nuwamba, 2022, da muryoyi a duk manyan hirarraki da kiɗan da aka sake ɗauka. Yasumi Matsuno ne ya tsara shi, mutumin da daga baya ya yi Final Fantasy Tactics a 1997, kuma yaƙe-yaƙen ƙabilanci na tsohuwar Yugoslabiya na cikin abin da ya zaburar da shi.

Ana jin hakan a labarin. Tsibiran Valeria sun rabu tsakanin al'ummu uku, Walister da Galgastan da Bakram. Denam, wanda kake wasa a matsayinsa, da yayarsa Catiua da abokinsa Vyce 'yan Walister ne, tsirarun da ake dannewa. A ƙarshen babi na farko, a garin Balmamusa, ubangidanka zai ba ka umarnin da ya shafi jinin mutanenka. Biyayya na kai ka hanyar Law, ƙi na kai ka hanyar Chaos, daga baya kuma akwai ta uku, Neutral. Babu wadda aka wanke, kowacce akwai wanda za ka rasa da wanda zai tsane ka. Cikin ukun, wannan ne labarin da ya fi daɗewa a zuciya bayan an kashe na'ura. Sai dai Turancinsa irin na fada ne, mai tsofaffin kalmomi, ya fi na sauran biyun nauyin karatu.

Tsakanin yaƙi da yaƙi babu yawo babu shayi. Taswira ce, da shago, da jerin mayaƙa. Lokacinka zai tafi wajen shirya makamai, da zaɓar ƙwarewar da kowa zai shiga da ita, da canza sana'o'i, da karanta rahoton Warren Report, wanda ke buɗe wasu al'amuran gefe. Kana iya ɗaukar sojoji haya, kana iya shawo kan maƙiyi a tsakiyar yaƙi ya dawo ɓangarenka, har da dodanni da namun daji. A wasu filayen mutum 12 kake fitarwa. Mai son tsara runduna zai samu abin yi har ya gaji.

Wuyarsa fa? Babu zaɓin sauƙi ko tsanani, yadda aka yi shi haka za ka buga. Akwai iyakar matakin da runduna za ta kai, ba ta ɗagawa sai labari ya ci gaba, don haka ba za ka je ka tara ƙarfi ka dawo ka murƙushe yaƙin da ya gagare ka ba. Sai ka canza dabara. Katunan ƙarin ƙarfi na ɓullowa a fili ana tsakiyar fafatawa, kowa na iya ɗauka, manyan maƙiya kuma sukan shigo da nasu tun farko. Daga babi na uku zuwa sama akwai shugabannin da za su kwantar maka da mutum da sara ɗaya ko biyu. 'Yan wasa sun rabu a kan katunan nan: wasu na ganin sun sa dole a riƙa motsi, wasu na ganin sa'a ta yi yawa a ciki. Ni ina ganin sun fi yin illa a yaƙin shugabanni fiye da amfanin da suke yi a sauran wurare.

Mayaƙin da ya faɗi yana da ƙidaya uku. In ba a tashe shi ko an gama yaƙin ba kafin ta ƙare, ya mutu har abada. Abin da ke rage zafin shi ne Chariot Tarot, mai mayar da kai motsi da dama baya. Bayan ka gama labari kuma World Tarot zai buɗe, ka koma duk mararrabar da ka wuce da rundunarka yadda take, ka bi hanyar da ka bari. Wannan ya fi tsarin Three Houses mutunta lokacin ɗan wasa nesa ba kusa ba. Ga kuma kurkukun Palace of the Dead mai hawa 100 zuwa ƙasa. Hatsarin da ya rage shi ne wasu mayaƙan na da sharuɗɗan samu masu ɓoyuwa, za ka iya wuce su ba ka ma san suna nan ba.

Kuɗi, a taƙaice

A Amurka, Three Houses da Triangle Strategy sun fito a kan dala 59.99, Tactics Ogre: Reborn a kan 49.99. Three Houses na da ƙarin kunshi na dala 24.99 mai ɗauke da labarin gefe na Cindered Shadows, ba dole ba ne ga mai farawa. Wasannin Nintendo ba su cika faɗuwa a farashi ba, na Square Enix kuwa ana yawan yi musu rangwame a shagon intanet. Kati ana iya sayar da shi ko a ba da aro, wanda aka sauke kuwa ya zauna a asusunka. Ko wanne ka saya, ci gaban wasanka a cikin na'ura yake, ba a kati ba.

| | Three Houses | Triangle Strategy | Tactics Ogre: Reborn |
|---|---|---|---|
| Shekara | 2019 | 2022 | 2022 |
| Farashin fitowa | dala 59.99 | dala 59.99 | dala 49.99 |
| Tsakanin yaƙe-yaƙe | makaranta da shaƙuwa | hira da ƙuri'a | shirya runduna |
| Canza sana'a | kusan kowa | babu | akwai, da faɗi |
| Mutuwar dindindin | zaɓinka ne | babu | akwai |
| Janye motsi | akwai, da iyaka | babu | akwai |
| Matakan wuya | 3 | 4 | babu zaɓi |
| Hanyoyin labari | 4 | ƙarshe 4 | 3 |
| Sauƙi ga sabon shiga | mai sauƙi | mafi sauƙi | mai wuya |

Zagaye ɗaya na Triangle Strategy ya fi na sauran biyun gajarta. Tactics Ogre ne ya fi daɗewa idan za a bi abubuwan bayan ƙarshe, cikin sauƙi ya haura awa 100.

Wa ya dace da wanne

Idan mutanen cikin wasa ne ke riƙe ka, kana son ka raini mayaƙi tun yana ɗalibi har ya zama jarumi, kuma ba ka ƙi rabin zamanka ya tafi a wajen fagen fama ba, ɗauki Three Houses. Ka fara da gidan da shugabansa ya kwanta maka, ka sa ran zagaye ɗaya mai daɗi, na biyu kuma sai bayan ka huta. Idan Switch Lite gare ka, ko ƙananan rubutu na wahalar da idonka, ka nemi ganinsa a allon kafin ka biya.

Idan ba ka taɓa irin wasan nan ba, ko kuma yaƙin kansa kake so, fili mai sa tunani ba tare da fargabar rasa kowa ba, Triangle Strategy nake ba ka shawara, kuma shi zan miƙa wa yawancin masu tambaya. Ya dace da mai ɗan lokaci kaɗan-kaɗan, tunda hira da yaƙi a rarrabe suke, kana iya sa na'ura barci a ko'ina ka dawo ka ɗora.

Tactics Ogre na wanda ya riga ya saba ne, mai haƙurin sake yaƙi sau da yawa, mai jin daɗin zama da jerin makamai yana lissafi, mai son labarin da ba ya lallashi. Kada ya zama na farkonka, sai in kana da taurin kai a wasa. Wanda ya gama ɗaya cikin biyun can ya ji bai ƙoshi ba, nan ne zangonsa na gaba, kuma ya jira rangwame in ba sauri yake ba.

Wanda har yanzu yake tsakanin biyu, akwai samfurin gwaji na Triangle Strategy kyauta a shagon Nintendo, babi uku na farko, kuma abin da ka buga zai bi ka cikin cikakken wasan idan ka saya. Gani ya kori ji. Babobin nan su ne mafi yawan magana a wasan, don haka in ka jure su, sauran zai zo maka da sauƙi. In yaƙin ya yi maka amma kana marmarin canza wa mayaƙa sana'a, Tactics Ogre kake nema. In kuwa hirar ce ta fi jan ka har kana son ƙarin sanin kowane mutum a rundunar, koma wa Three Houses.